Randar Kusurwar Kicin

To jikalle, gyara zama ki rubuta. Kada ki gyara mini magana, yadda ta fito haka za ki sa ta.

Labarin Otilia Siu ne, mai chifar bakin kasuwa, wato gidan abincin Sinawa. Duk Chepén babu wanda bai ci soyayyiyar shinkafarta ba, kuma tun ranar da aka buɗe randar nan kowa ke ba da labarinta da nasa ƙarin gishirin. Ga yadda aka yi.

A saman chifar aka haife ta, a ɗakin nan da hayaƙin kicin ke shiga ta tsagar katako. Kakanta ne ya kafa wurin, Siu Fat, wanda fadan coci ya yi wa baftisma ya koma Don Fermin. Shi da wansa suka sauko daga jirgin ruwan ƙasar Sin suna samari, suka kama aikin gonar shinkafa. Wan ya kwanta zazzaɓi bai tashi ba. Ƙanen ya auri 'yar garin nan, ya tara abin da ya tara, ya sayi kasko da 'yan tebura. 'Ya'yansa ko kalma ɗaya ta Sinanci bai koya musu ba, don a lokacin yaron da aka ji yana yi tsokana kawai yake ja wa kansa a makaranta. Otilia tana 'yar ƙarama tsohon ya rasu. Abin da ta riƙe nasa bai wuce tarinsa ba, sai kuma randar.

Randa ce ruwan ƙasa mai sheƙi, tsayinta ya kai cinyar babban mutum, da murfi mai faɗi da aka liƙe da farar ƙasa. A kusurwar kicin take, bayan murhu. Don Fermin ba shi da faɗa, amma a kan randar nan ba ya wasa: kada a buɗe. Duk farkon watan Afrilu sai ya goge ta tas, ya ajiye mata kofin shayi da lemo, ya kunna turaren tsinke, ya tsuguna yana ta magana ƙasa-ƙasa cikin yarensa. Da matarsa ta ishe shi da tambaya sai ya ce siyau ne yake tsumawa. Kin san siyau, baƙin romon waken nan da ake zuba wa shinkafa. Shi ke nan magana ta zauna a gidan: siyau ne na tsoho, kuma sa'ar chifar a cikinsa take.

Bayan ya rasu ba su fasa ba. Afrilu ya kama, a goge randa, a sa mata lemo don ciniki ya yi kyau. Sauran watanni kuwa kujera ce. A kanta ake ɗora rediyo. Yaron da ya yi rashin ji a kanta ake zaunar da shi. Ita kanta Otilia a kanta take zama tana ɓare tafarnuwa, tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba har ta yi furfura. Shekarar da aka yi babbar ambaliya, wanta Baldomero, wanda muke ce wa Baldo, randar ya fara saɓawa a kafaɗa ya hau da ita sama, kafin ma talabijin. Ya sauko yana cewa ba ta kai nauyin da ya zata ba, lallai siyau ɗin ya daskare, ya zama na gaske.

Otilia ba ta yi nisa a makaranta ba. Uwarsu ta rasu tana budurwa, aka cire ta aka ba ta kasko. Ta auri wani direban motar haya, mutumin kirki, babban titi ya cinye shi ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ta raine su da hayaƙin kicin, suka girma suka tafi Lima. Baldo ke zama a teburin kuɗi yana karɓar baƙi yana zuba surutu, ita ke tsaye gaban wuta. Haka suka tsufa.

Wata rana wasu Sinawa masu aikin gada suka tsaya cin abinci. Ɗaya ya hango fuskarta ta tagar kicin, ya miƙe da murna ya zo yana ta yi mata magana, kamar wanda ya ga ƙanwar uwarsa. Ta tsaya da ludayi a hannu kamar an dasa ta. Baldo kuwa daga teburin kuɗi yana ta gyaɗa kai yana "E, e, haka ne," alhali ko sannu bai gane ba. Mutumin ya lura, ya yi murmushi, ya koma ya zauna. Da suka tafi ta ce wa wanta, "Yaya Baldo, mu fa fuskar kawai aka bar mana."

Ba a yi wata ba ta shiga mota zuwa Trujillo, ta sa sunanta a ajin Sinanci na wata jami'a da ke karɓar kowa, yaro da babba. Ta haura hamsin a lokacin. 'Yan ajin duk sa'o'in 'ya'yanta ne, masu son aiki a kamfanonin ma'adinai da tashar jiragen ruwa, suna kiranta Goggo. Sau biyu a mako take tafiya. Tana suya tana maimaita darasi da ƙarfi, muryarta na hawa tana sauka, har masu cin abinci suka ɗauka waƙa take koya. Ta barbaɗa fulawa a tebur tana zana rubutunsu da yatsa, ta shafe ta sake. Matakin farko da ƙyar ta haye. Baldo ya raɗa mata suna Furofesa.

A mataki na biyu aka haɗa musu da darasin al'ada: bukukuwa, gaisuwa, yadda ake zama a teburin abinci, abin da ake kai wa surukai. Malamarsu wata yarinya ce siririya, Malama Shen, 'yar arewacin Sin, kuma dokarta ɗaya: a ajin nan ba a Sifaniyanci, ko wuta ta kama a faɗa da Sinanci.

To a daidai wannan lokacin ne chifar za ta cika shekara tamanin, Baldo ya ce sai an yi bikin da garin bai taɓa gani ba. Ya ɗauko makaɗa. Ya gayyaci fada ya sa albarka, ya gayyaci magajin gari. Sannan ya je gidan rediyo ya shelanta cewa ranar Asabar za a fasa randar Don Fermin a gaban kowa, duk wanda ya zo zai ɗanɗani cokali ɗaya na siyau mai shekara tamanin. Otilia ta ɗan yi gunaguni, ta ce tsoho ya hana, amma ita ma a ranta tana son ta ji ɗanɗanon abin.

Ranar Alhamis ta tafi aji. Farkon Afrilu ne, Malama Shen ta ce yau darasin ranar share kabari za a yi, ranar da Sinawa ke zuwa wurin matattunsu da shayi da 'ya'yan itace da turare. Tana haska hotuna a bango, yara na hamma. Sai ga hoton wani gefen tudu, an jera randuna a ƙarƙashin 'yan rumfuna, ruwan ƙasa, masu sheƙi, kowace da murfinta a liƙe.

Otilia ta ɗaga hannu da sauri. Ta haɗa maganar a kanta, ta faɗa da Sinanci babu tuntuɓe, har tana jin daɗin kanta: "Malama, muna da irin wannan a gidanmu."

Malama ta yi murmushi. "Madalla, Goggo. Me ke ciki?"

"Siyau."

"Kuna ɗiba?"

"A'a. Kakana ya hana a buɗe."

"Daga ina kakanki yake?"

"Daga kudu. Duk farkon wannan watan yakan ba ta shayi da lemo, yana yi mata magana."

Murmushin ya ɓace. Malama ta ajiye abin da ke hannunta, ta dubi hoton, ta dubi Otilia. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a ajin: ta koma Sifaniyanci.

"Doña Otilia," ta ce, "waɗannan randunan ba na siyau ba ne. Mutanen kudu, in nasu ya mutu, sai a binne shi a bari wasu shekaru. Sannan a tone, a wanke ƙasusuwan, a jera su a randa daga ƙafa zuwa kai kamar yana zaune, a cike da gawayi. In a baƙuwar ƙasa ya mutu, sai a jira jirgin da zai mai da shi ƙauyensu." Ta sake duban hoton. "Ni 'yar arewa ce, a littafi na karanta. Randunan suna kama da juna. Wataƙila taku siyau ce da gaske."

Wani ɗan iskan yaro daga baya ya ce, "Goggo, ashe da kakanki kuke haɗa miya!" Ta kusa da shi ta make shi da littafi. Ba wanda ya yi dariya. Otilia ta ce daga baya, ita dai ƙamshin turaren tsinken nan ne ya dawo mata a hanci, da muryar tsoho yana magana ƙasa-ƙasa. Ai mutum ba ya hira da siyau.

Ba ta san yadda motar ta kawo ta Chepén ba. Ta shiga kicin ta tarar da Baldo zaune daram a kan randar, kwanon taliya a cinya, yana kaɗa ƙafa yana bin waƙar rediyo.

"Tashi!" ta daka masa tsawa. "Yaya Baldo, don Allah tashi!"

Ya zabura har taliyar ta zube. "Kunama ce?"

Ta gaya masa abin da aka ce a aji. Ya saurara baki buɗe, sannan ya tuntsire da dariya har yana dafa bango.

"To Furofesa! Kuɗin motar da kike ƙonawa ke nan? Mutum a randa? Ke ce fa kika fi kowa zama a kanta. Ya taɓa cizon ki?"

"Ka ce ba ta da nauyi ranar ambaliya."

"Na ce ya daskare."

"Siyau na daskarewa ya rage nauyi? Ka ji motsin ruwa a ciki?"

"Ke, ni ruwa na bina a baya, zan tsaya sauraron randa? Ji nan, duk garin nan ya ji sanarwa. Magajin gari zai zo da matarsa. Jibi zan fasa ta a tsakiyar falo, in kina jin tsoro ki koma Trujillo ki ɓuya bayan malamarki."

Otilia ba mai jayayya da wanta ba ce, duk zamansu shi ke faɗa ita ta bi. Amma ta hango falon cike da mutane, kowa da cokali a hannu, makaɗa na kaɗawa, ga Baldo da guduma. Ta kwance zanen aikinta ta ninke ta ajiye a tebur.

"In a gaban baƙi za ka buɗe ta, nemi mai dafa maka. Ko ashana ba zan ƙyasta ba."

"Haba Otilia. Agwagi na cikin firji!"

"Su kwana can. A buɗe ta da safe a bayan gida, mu kaɗai. In siyau ne, ni da hannuna zan sake liƙe ta da ƙullun fulawa, ka fasa a gaban magajin gari ka sha tafi. Kuma ka kira ni Furofesa har in mutu."

Ya yi ta sababi, ya kira uwarsu da ubansu shaida, amma ba shi da wani mai kasko. Ya yarda.

Washegari ta kira Malama Shen a waya. Ta fara da Sinanci, ta gaishe ta yadda aka koya musu, sai muryarta ta karye ta koma yarenmu. Malama ta ce za ta zo a motar farko. Sannan ta ce, "Ki nemi laima. In abin da muke tsoro ne, ba a barin rana ta taɓa su."

Laima a Chepén! Garin da, in ba shekarar ambaliya ba, yaro ke girma bai ga ruwan sama na kirki ba. Ta bi gidajen maƙwabta, kowa na kallonta kamar ta taɓu. A ƙarshe wurin mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa ta aro, ƙatuwar nan mai ja da rawaya da yake kafawa a kan kekensa.

Asabar da safe Baldo ya rungumo randar ya fito da ita tsakar gida. Aka kawo Goggo Zoila aka zaunar a kujera, ƙanwar ubansu, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Don Fermin, kunnenta ya yi nauyi amma bakinta na nan. Malama Shen ta iso, ta dubi randar sau ɗaya, sai ta karɓi laimar ta riƙe da hannu biyu. Fada ma ya yi sammako, ya ji motsi a baya ya leƙo. A waje makaɗa sun fara gwada ƙahoninsu.

Baldo ya soke ludayi a ɗamara, ya riƙe guduma da wata tsohuwar wuƙa. Ya dubi laimar ya ce, "Malama, sannu da zuwa. Ƙanƙarar ta nawa ce, mai lemo ko mai madara?" Ya kafa wuƙar a gefen murfi ya dinga bugawa, farar ƙasa na zuba. Murfin ya motsa. Ya ɗaga, ya kai hanci don ya shaƙi ƙamshi.

Babu ƙamshi, sai warin tsohon ɗaki.

"Gawayi ne," ya ce. Muryarsa ta riga ta sauya. "Wataƙila da shi suke toshewa, kada iska ta shiga."

Ya zaro ludayin ya fara kwashe gawayin a hankali. Ludayi ɗaya, biyu. Sai ga wani jan ƙyalle da ya koɗe. Hannunsa ya tsaya. Otilia ta durƙusa, ta sa yatsu biyu ta ɗaga gefen ƙyallen.

Ƙoƙon kan mutum ne. A zaune yake daidai, fuskarsa na kallon gaba.

Ludayin ya faɗi ƙasa. Baldo ya ja da baya ya ja da baya har ya ci karo da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa. Fada ya yi alamar gicciye ya sake yi. Malama ta gyara riƙon laimar, ba ta bar rana ta shiga ba.

"Yesu," Baldo ke cewa. "Yesu, Maryamu. Na ɗora masa rediyo. Na ci taliya a kansa. Otilia, shekaranjiya na ci taliya a kansa!"

Otilia kuwa tana durƙushe a gefen randar. Tafarnuwar da ta ɓare a wurin nan take tunawa, buhu-buhu, da daren da aka kawo mata labarin mijinta, a kan randar nan ta zauna ta yi kuka.

"Me kuka gani?" Goggo Zoila ta ce. "Ku matsa mana, kun tare ni." Aka kama ta ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta koma kujera ta dafe ƙirji.

"Baffa José ne. Wan babanmu."

"Goggo, ai Baffa José yana maƙabarta," in ji Baldo. "Duk Nuwamba muna kai masa furanni."

"Mu muke kai wa. Ka taɓa jin an ce Baba ya bi mu? Ko sau ɗaya. Inna ta yi ta faɗa, ta ce mutum ba ya zuwa kabarin ɗan'uwansa, Sinawa ba su da zuciya. Shi kuwa sai ya ce kicin ba mai jira. Mu tafi da furanni, mu dawo mu same shi tsugune a kusurwar nan." Ta girgiza kai. "Kullum yana cewa in yaƙi ya ƙare akwai kayan da zai aika gida a jirgi. Yaƙi ya ƙare aka rufe hanya. Mu muka ɗauka shinkafa zai aika."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ya gaya wa Inna ya tone kabari ya kawo mata gawa kicin? Da a ranar za ta kwashe mu ta bar gidan, ta kuma kira masa 'yan sanda."

Baldo ya riƙe kai. "To wa muke kai wa furanni duk shekarun nan?"

A waje makaɗa suka ji shiru ya yi yawa, suka ɗauka lokaci ya yi, suka saki kiɗa.

Fada ya ce dole a sanar da hukuma, kafin nan a shigar da shi ɗaki. Baldo ya yunƙura, sai Malama Shen ta ce a dakata.

"Ba a motsa su sai an gaya musu. Dole wani na jininsa ya yi masa magana." Ta dubi Otilia.

"Ni? Malama, me na iya? Sayen tikitin jirgin ƙasa, tambayar hanyar asibiti, da ban haƙuri in na makara aji."

"Kuma gaskiya," Malama ta ce a hankali, "shi yaren kudu yake ji, ba wanda nake koya muku ba. Ban sani ba ko zai gane."

Goggo Zoila ta buga sandarta a ƙasa. "Mutumin da ya shekara da shekaru yana jin rediyon Baldo a tsakar kansa? Komai aka faɗa masa zai gane. Yi masa magana, 'yar nan."

Otilia ta gyara durƙuso a ƙarƙashin laimar mai ƙanƙara. Ta goge hannu a jikin riga. Muryarta ta hau inda ake hawa ta sauka inda ake sauka, kamar yadda take yi a gaban kasko. Daga baya ta fassara mana abin da ta ce, ba shi da yawa.

"Sannu, Kaka. Sunana Otilia Siu. Ni jikar ƙanenka ce. Ka yi haƙuri, mun makara. Yanzu za mu kai ka ɗaki mai kyau." Ta tsaya, kalmominta sun ƙare. Sai ta tuna darasin gaisuwa na farko-farko. "Ka ci abinci?"

Malama Shen ta juya fuska, hawaye na bin kumatunta.

Baldo ya rarrafo kusa, ya taɓa kafaɗar ƙanwarsa. "Gaya masa ni ne na hau da shi sama ranar ambaliya. Kafin talabijin. Gaya masa."

"Ba a koya mana ambaliya ba."

"To faɗa yadda kika iya mana, Furofesa."

Ta ce da Sinanci, "Ranar ruwa mai yawa, wannan mai ƙiban ne ya ɗauke ka." Malama ta yi dariya cikin kuka. Baldo ya tambaya me aka ce, aka ce masa an yabe shi.

Shi ya rungumi randar ya shiga da ita, Malama na bin sa da laima har bakin ƙofa. Ba kicin suka kai shi ba. A ɗakin sama suka ɗora shi kan tebur, kusa da hoton Don Fermin. Otilia ta sauko ta dafa shayi, ta zaɓo lemo masu kyau, ta kai masa. Sannan ta ɗaura zanen aikinta ta kunna wuta, don baƙi sun cika falo.

Baldo ne ya fita ya gaya musu. Mutumin da bakinsa ba ya gajiya, ran nan da ƙyar ya haɗa magana. Ya ce babu siyau, wan kakansu ne a ciki. Wata mata ta saki ƙara. Magajin gari, da ya zo da cokalinsa na azurfa daga gida, ya lallaɓa ya sa shi aljihu. Makaɗa ba su san abin da za su kaɗa ba, sai suka koma na jana'iza. Agwagin nan rabi aka ci. Har 'yan makonni chifar ba kowa, ana ta raɗe-raɗi a kasuwa, sannan yunwa ta dawo da mutane ɗaya bayan ɗaya.

Hukuma ta zo ta yi nata binciken, ta ja lokaci kamar yadda ta saba. Da aka buɗe kabarin Baffa José da ke jikin bangon maƙabarta, akwatin na nan, tubalan ƙasa ne a ciki. Ƙauyen da suka fito kuwa babu wanda ya san sunansa, tsoho ya tafi da shi. Sai aka sa randar yadda take, da gawayinta da jan ƙyallenta, a ramin da ke kusa da na Don Fermin. Fada ya yi tasa addu'ar, Otilia ta yi tata maganar, ta gaya wa mutumin inda aka kawo shi da wanda ke kwance kusa da shi.

Ba ta bar makaranta ba. Tana mataki na gaba yanzu, kuma an ce kalmar ambaliya ta fara tambaya. Duk Nuwamba suna kai furanni, duk farkon Afrilu ita da Baldo su ɗauki butar shayi da lemo su tafi. A kusurwar kicin akwai zagayen gindin randar a jikin siminti, an wanke an wanke bai fita ba, kuma har yau ba mai taka wurin. Baldo a tsaye yake cin taliyarsa. Ita kuwa ta sayi kujerar roba tana ɓare tafarnuwa a kai, ta ce ba ta da daɗin zama ko kaɗan.

Sa aya nan, jikalle. Miƙo mini ruwa.